Kosha ba dokar kiwon lafiya ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa Yahudawa sun ƙaurace wa naman alade ne don gudun cuta, wai dokokin abincinsu, da ake kira kosha, tsarin kiwon lafiya ne na zamanin da. Attaura ba ta ce haka ba. A sura ta 11 ta Littafin Firistoci, ɗaya daga cikin littattafan Attaura, dalilin da aka bayar shi ne tsarki, wato su keɓe kansu ga Ubangiji har a abin da suke ci.

Dubi jerin da kanka. Dabba sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, don haka raƙumi haramun ne a wurinsu, duk da muna cinsa lafiya lau. Kifi sai mai ƙege da ɓawo, tarwaɗa ba ta shiga. Nama da nono ba sa haɗuwa, har tukwane da cokula daban ake ajiyewa, wasu ma sai sun jira awa 6 bayan cin nama kafin su sha madara. Wace cuta ce a nan?

Gaskiya ne Musa bin Maimun, malamin Yahudawa na ƙarni na 12, ya kawo hujjar lafiya, amma Ishaƙu Abarbanel, wani malaminsu da ya zo bayansa, ya musanta shi, yana cewa hakan zai mayar da Attaura ƙaramin littafin likitanci.