Na'ura ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ce gurguwa

Jama'a, duk mai maganar gina ƙirƙirarriyar basira bisa adalci ya kamata ya san abin da ya faru da wata manhaja da asibitocin Amurka suka daɗe suna amfani da ita. A nan ake ganin inda gizo ke saƙar.

Aikin manhajar shi ne zaƙulo marasa lafiyar da suka fi buƙatar kulawa ta musamman, a haɗa su da ma'aikatan jinya masu bibiyarsu, a ƙara musu ranakun ganin likita tun ciwo bai kwantar da su ba. Gurbi kaɗan, mabuƙata da yawa. Saboda haka take ba kowa maki. Wanda ya shiga cikin kashi 3 cikin 100 na sama, kai tsaye ake sa sunansa a shirin. Wanda makinsa ya haura na kashi 55 cikin 100 na marasa lafiyar, a miƙa wa likitansa ya duba.

A watan Oktoban 2019 mujallar Science ta buga binciken Ziad Obermeyer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da abokan aikinsa. Sun bi bayanan marasa lafiya kusan dubu 50 na wani babban asibitin koyarwa, sama da dubu 6 daga cikinsu baƙar fata ne. Suka tarar idan baƙi da fari suka ci maki ɗaya, baƙin ya fi jin jiki nesa ba kusa ba. A matakin shiga kai tsaye, baƙar fata na fama da cututtukan da suka zauna a jiki 4.8 a matsakaici, farar fata 3.8. Hawan jininsu ya fi tsanani, sukari ya fi hauhawa, ƙoda ta fi taɓuwa.

Alhali babu launin fata a cikin bayanan da aka ɗora wa manhajar.

To ta ina ɓarna ta shigo? Na'ura ba ta san wani abu wai shi rashin lafiya ba. Dole a ba ta wata lamba a ce koyi hasashen wannan. Masu ginin suka zaɓi kuɗin da za a kashe wa mutum a shekara mai zuwa. Ba shirme suka yi ba, domin wanda ya fi ciwo yakan fi cin kuɗi, kuma takardun inshora na nan a jere, ba wahalar tattarawa. Sai dai a can, a kan ciwo mai nauyi ɗaya, abin da ake kashe wa baƙar fata ya gaza na farar fata da kimanin dala 1,800 a shekara. Talauci ne, da nisan asibiti, da aikin da in ka bari ba albashi, da rashin yarda da likitoci wanda ke da dogon tarihi. Manhajar ta ga an kashe kaɗan, ta ɗauka lafiya ƙalau.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, hasashen kuɗin da take yi daidai ne ga baƙi da fari. Duk gwajin inganci da injiniya zai yi mata, za ta ci. Shi ya sa nake ganin yawan dogaro da adadin "ta yi daidai kashi kaza" yaudarar kai ne. Daidai a kan me?

Masu binciken sun lissafa cewa da za a jera mutane bisa ainihin ciwonsu, kason baƙar fata cikin masu samun ƙarin kulawa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100. Da suka zauna da kamfanin da ya ƙera manhajar suka sauya abin da ake hasashe, aka cuɗa kuɗi da alamun lafiya, bambancin ya ragu da kashi 84. Ba a sayi sabuwar kwamfuta ba. Tambayar aka gyara.

A ra'ayina, kundin ƙa'idojin ƙirƙirarriyar basira irin wanda ƙasashe 193 suka amince da shi a UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021 yana da amfani, amma ba ya zama a ɗakin da ake zaɓar wannan lambar. Wanda ya kamata ya zauna a ɗakin shi ne nas ɗin da ta san waɗanda ba sa dawowa asibiti, da dalilinsu.

Mu ma a yi hattara. In aka koyar da na'ura da katin asibiti kaɗai, matar ƙauye da ta haihu a gida, ko dattijon da ke sayen maganin hawan jini a kemis, ba su da tarihi, don haka masu lafiya ne a idonta. Kafin a saki irin wannan manhaja, a ɗauko mutanen da suka ci maki ɗaya, a ware su birni da ƙauye, maza da mata, a auna jininsu da sukarinsu da gaske. In sakamakon ya sha bamban, a koma kan lambar da aka ce ta hasashe.