Ba tsigewa ba ce, rage girma ne

Wani labari da aka buga ya ce an "tsige" wani ɗan sanda, alhali daga saje aka mayar da shi kofur. Don Allah a gyara, wannan rage girma ne. Igiya uku ke hannun rigarsa, aka ɓalle ɗaya, gobe kuma zai fito aiki. Tsigewa ai fizge abu ne daga inda ya kafu, kamar gashin kaza. Shi ya sa ta dace da abin da majalisar Kaduna ta yi wa Gwamna Balarabe Musa a 1981. Sarki kuwa tuɓe shi ake yi, saboda rawani. Ita ma "daraja", wato girman da aka rage masa, asalinta matakala ce a Larabci, taki ɗaya aka sauko da bawan Allahn nan. Iyalinsa fa suna karantawa, abin zai yi musu ciwo.