Takardar 'yan sanda da mai raunin harbi

Har yanzu a Kaduna akwai masu cewa ma'aikacin asibiti bai da laifi idan ya ƙi taɓa mai raunin harbi sai an kawo takardar 'yan sanda, wai bin ƙa'ida ne. Hujjarsu ba ta banza ba ce: suna tsoron a yi wa ɗan fashi magani ya sulale, 'yan sanda su zo su kama likita.

Sai dai doka ba haka ta ce ba. Dokar kula da masu raunin harbi ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mutum ya fara masa magani nan take, ko da takarda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Abin da ke kan asibitin shi ne sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin.

A ɗauka an harbi direba a hanyar Abuja, aka kawo shi jini ya jiƙa masa riga. Idan babbar jijiya ce ta tsinke, mintuna kaɗan suka rage masa, zuwa ofishin 'yan sanda kuwa da dawowa ya fi haka. An sa sharaɗin sanarwa ne don kada mai laifi ya ɓace, shi kuwa wanda ke kwance ana ƙara masa jini ba inda za shi. A danne raunin, a tsai da jini, a sa ruwa, sannan wani ya ɗauki waya ya kira 'yan sanda.