Mrs. Doubtfire ba dariya kadai bane

Haba dai, kunce fim din nan bashi da makusa, ni kam ban yarda ba. Robin Williams yayi kokari wallahi, tun 1993 amma har yau in na tuna inda ya dankara fuskarsa cikin kek don kar asirinsa na shigar mata ya tonu sai nayi dariya, kwalliyar ma har Oscar taci. Amma fa an kwari matarsa ta cikin fim din, ita ke nema tana rike gida shi yana shiririta, sannan bayan aurensu ya mutu ya shigo mata da karya wai tsohuwa mai raino kuma ace mu tausaya masa. Gara ma da basu maida aure a karshe ba, ba kamar Chachi 420, fim din Indiya mai irin wannan labarin, da aka sasanta su ba.