Motar da ba ta da rufi ba ta fi sauƙin nauyi ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa motar tsere mai buɗaɗɗen sama ta fi 'yar uwarta mai rufin ƙarfe rashin nauyi, tunda an cire mata rufi. Yawanci akasin haka ne.

Rufin nan ba don rana da ruwan sama kawai aka yi shi ba, shi ke ɗaure jikin mota. Ɗauki kwalin takalmi ka murɗa shi da murfinsa, sannan ka cire murfin ka sake murɗawa, nan take za ka ji ya saki. Dole injiniyoyi su ƙara ƙarfe a ƙasan motar da gefen ƙofofi, ga kuma injin da ke naɗe rufin. Shi ya sa Porsche 911 Carrera mai buɗewa ta fi mai rufi nauyi da kusan kilo 70.

Duk da ƙarin ƙarfen, a wasu motocin direba kan ji sitiyari da madubin ciki suna karkarwa idan ya hau gargada. A kwana mai tsanani ma mai rufi ta fi bin umarni, kodayake a tuƙin gari da wuya ka lura.

Motar McLaren 720S mai buɗewa kuwa, da yake gangar jikinta ta zaren kabon ce mai tauri, ba ta buƙaci ƙarin ƙarfafawa ba.