Kwantar da mai ciwon waswasi ba shi ne warkewa ba

Mutane da yawa suna ɗauka in an kwantar da mai ciwon waswasi, wato OCD, a cibiyar jinya na wasu makonni to shikenan zai fito garau. Wallahi ba haka abun yake ba. Babban aikin shi ne atisayen da ake kira ERP, misali a sa mai tsoron ƙazanta ya taɓa hannun ƙofa sannan ya zauna bai wanke hannu ba, zufa na keto masa, har tsoron ya sauka da kansa, kuma wanda ya daure ya shiga atisayen sosai shi ya fi samun sauƙi. Likitoci suna auna ciwon da ma'aunin Y-BOCS, 0 zuwa 40, in ya ragu da kashi 35 cikin 100 ana cewa magani ya kama, ba wai ya tafi gaba ɗaya ba.

Abun da ya fi damuna shi ne gida. Mai ciwon ya dawo, ya tambaya sau goma "na kulle ƙofa?" uwa ta amsa sau goma don tausayi, amsar nan ce fa take ciyar da ciwon, shi ya sa ake koyar da 'yan gida su ma kafin a sallame shi.