Ga Wanda Ke Zagin Masu Ja da Baya Alhali Shi Ke Zare Waya

Akwai wani a cikinmu, mu masu tuƙa kumbo a EVE Online, wasan kwamfuta na sararin samaniya da ake yi ta intanet, wanda ya mayar da zagin masu ja da baya tamkar sana'a. Ba zan kama suna ba, domin ya san kansa, waɗanda suka yi tafiya da shi a runduna ɗaya ma sun san shi. Duk mai dakon kaya ko mai haƙar ma'adinai da ya hango shi daga nesa, ya juya akalar kumbonsa ya ɓace kafin a riƙe shi, to a bakin wannan mutumin ya zama matsoraci. Amma ranar da ya gamu da daidai shi a bakin ƙofar taurari, wato mashigar da kumbo ke bi ya tsallaka daga wani yankin taurari zuwa wani, sai ga kumbonsa ya tsaya cak babu mai tuƙi, washegari kuma aka wayi gari yana cewa intanet ce ta yanke masa, kuma wai dokokin wasan ne suka zalunce shi.

Dokokin da yake kuka da su ba a ɓoye suke ba. Kamfanin CCP Games, wanda ya fitar da wasan a shekarar 2003, ya sake tsara su a watan Disamba na 2012, kuma kowa yana ganin alamarsu a fuskar kwamfutarsa. Duk wanda ya ɗaga makami a kan wani ɗan wasa, za a ɗora masa ƙa'idar daƙiƙa 60, wadda a cikinta ba zai shiga tasha ba, ba zai kuma tsallaka ƙofar taurari ba, kuma duk harbin da ya ƙara, lissafin daga farko yake komawa. Wanda kuma faɗa ya haɗa shi da wani ɗan wasa, ko da ya kashe kwamfutarsa, kumbonsa zai ci gaba da zama a sararin samaniya har tsawon minti 15, inda abokan gaba za su iya lalubo shi su tarwatsa. Wannan na biyun shi ne ya ci mutuminmu, domin ya zaci zare waya zai ɗauke shi daga fagen fama, alhali an riga an riƙe kumbonsa da na'urar hana tserewa.

Ni a ganina waɗannan dokoki sun yi adalci, kuma dalilinsu a fili yake. A wannan wasa, kumbon da aka tarwatsa ya tafi ke nan, tare da kayan da aka sha wahalar tarawa aka ɗora masa, saboda haka wanda aka kai wa hari yana fuskantar asara ta gaskiya. Idan aka bar maharin ya yi harbi, da ya ga alamar rinjaye ya faɗa tasha ko ya kashe na'ura, to an ba shi damar cin riba ba tare da ya sa nasa a cikin haɗari ba. Minti ɗaya da aka ce ya tsaya shi ne kuɗin da yake biya na fara faɗa. Wanda bai ɗaga makami ba kuwa, ba a rufe masa ƙofa ba, yana iya tsallakawa ko ya shige tasha a duk lokacin da ya isa, kuma wannan ne haƙƙin da mutuminmu yake zagin mutane a kansa.

Ja da baya ilimi ne da ake koyo. Matuƙin da ya san aikinsa yana saita kumbonsa ya fuskanci inda zai nufa tun kafin abokin gaba ya iso, yana lura da tazarar da na'urar riƙo take kaiwa, yana kuma janye makamansa ya daure wa wuta har daƙiƙa 60 su cika idan ya ƙudura tsallakawa. Manyan kwamandoji suna janye rundunoni sukutum idan lissafi bai ba su ba, babu kuma mai hankalin da ya taɓa ɗaukar hakan abin kunya. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya fita daga wasan gaba ɗaya don ya kauce wa sakamakon abin da shi da kansa ya tayar.

Na ji yana kafa hujja da wasan Elite Dangerous na kamfanin Frontier da ke Ingila, wai a can mutum yana iya ficewa. Can ɗin ma an sa jinkirin daƙiƙa 15 ga wanda yake son fita yana cikin haɗari, kuma kamfanin ya bayyana cewa yanke sadarwa da gangan a tsakiyar faɗa maguɗi ne. Hujjar ba ta tsaya masa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya bari a baya. A ƙa'idar EVE, matuƙin da ke gyara kumbon abokinsa daga nesa yana gadon ƙa'idar daƙiƙa 60 ɗin da ke kan wanda yake taimakawa, wato shi ma ƙofa ta rufe masa. Akwai wani bawan Allah da ya tsaya yana zuba wa mutuminmu gyara a wannan rana, yana kiransa ya matso kusa, bai san kujerar babu kowa a kanta ba. Da an gaya masa gaskiya cewa faɗan ya fi ƙarfinsu, da ya janye hannunsa da wuri ya tsallake da kumbonsa lafiya. Ya yi asarar kumbon da ya daɗe yana tara kuɗinsa, kuma har yau wanda ya jawo masa bai mayar masa da komai ba, bai ma ba shi haƙuri ba, yana can yana neman a rage minti 15 ɗin da suka tona masa asiri.